Yadda babur ya shiga hanyar keke a Holan, da yadda aka fitar da shi

Hanyoyin keken da ake yi wa ƙasar Holan kirari da su, da jini aka same su. A shekarar 1971 mutane sama da 3,000 suka mutu a haɗarin mota a ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna neman a daina kashe musu 'ya'ya, ƙarancin man fetur na 1973 ya ƙara wa batun ƙarfi, hukumomi suka duƙufa wajen ware wa keke hanyarsa. Domin ɗan makaranta da tsohuwa mai zuwa cefane aka yi ta, don haka duk injin da zai hau ta, da lafiyarsu ya kamata a auna shi.

Doka ce ta bar wa babur ƙofa a buɗe. Da aka tilasta wa masu babur sa hular kwano a 1975, sai aka ƙirƙiro wani rukuni na ƙaramin babur maras gudu wanda aka yafe wa hular. A 1999 aka mayar da mai gudun kilomita 45 a awa cikin motoci a garuruwa, aka bar ƙaramin, mai kilomita 25, tare da kekuna. Ashirin da biyar ɗin kuwa a takarda take, domin da yawa sukan kai wa bakanike ya saki injin. Masu kai abinci gida-gida suka rungume shi, ga ƙaton akwati a baya, ga hanya ƙunci, ga yaro a gaba yana tangaɗi da kekensa. Sai a watan Afrilun 2019 birnin Amsterdam ya mayar da ƙaramin babur ɗin babban titi a mafi yawan tsakiyar gari, da hula a ka.

Masu suka sun ce mai kai abinci neman na tuwo yake yi, tura shi tsakanin motoci kuwa sayar da ransa ne. Maganarsu abin dubawa ce, sai dai barinsa a hanyar keke ɗora haɗarin ne a kan wanda ya fi shi rauni. Motar ce ya kamata a taka wa birki, kuma Amsterdam ta yi hakan a Disambar 2023, da ta rage gudu zuwa kilomita 30 a yawancin titunanta. Gaggawar da mai kai abinci ke yi ma ba tasa ba ce: kamfanoni irin su Gorillas da Getir ne suka riƙa yi wa mutane alkawarin kawo cefane cikin minti goma. Yanzu rigimar ta koma kan kekunan lantarki masu kaurin taya, waɗanda doka ke ƙirgawa cikin kekuna, alhali su ma ana sakin injinsu kamar yadda aka yi wa ƙaramin babur.