Hirar Bayan Kallo: Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu

Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi ko a rumfar kasuwa a garin nan na Kafanchan ya san cewa bayan farashin citta da maganar siyasa, babu hirar da ta kai ta fim cin lokaci. Wane ya kyauta, wance ta yi rashin kunya, ƙarshen labarin bai yi ma'ana ba. Wasu manyanmu na ganin wannan hira ɓata lokaci ce kawai. Ni kuwa da na bi tarihinta, sai na ga ta daɗe tana juya al'amura: ta ɗaga wasu, ta rufe wa wasu kasuwa, ta taɓa sa gwamnati janye aikin biliyoyin naira. Abin da ke da irin wannan ƙarfi ya kamata mu san asalinsa, mu kuma san yadda za mu riƙe shi.

Garinmu jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun da layin dogo ya haɗu a nan a wajajen 1927, wanda ya taso daga Fatakwal ya nufi Kaduna, reshe kuma ya tafi Jos, Kafanchan ta zama mahaɗar mutane. Hausawa 'yan kasuwa, Ibo da Yarbawa ma'aikatan reluwe, ga masu ƙasa Fantswam da Kaninkon, ga maƙwabta Bajju da Kagoro da Jaba da Kataf. Harshen da ya haɗa kowa a kasuwa shi ne Hausa. To duk abin kallon da ya shigo garin, da Hausa ake tattauna shi, ko da kuwa da wane harshe aka yi shi.

Kallon farko da kakanninmu suka sani shi ne majigi, wanda wasu ke kira dodon bango. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka a 1939, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta samu nata. Mota ce ke zagaya garuruwa da injin wuta da farin ƙyalle. A kafa a fili bayan isha, mai fassara ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa. Abin da ake nunawa bai wuce tsafta da rigakafi da noman zamani da rangadin manya ba, a zamanin Sardauna kuma har da labarin ayyukan gwamnati. Cikin waɗanda dattawa ba su manta ba akwai Baban Larai, wanda aka yi don koya wa manoma gyara noma. Majigi kyauta ne, a sarari ake yinsa, da izinin hukuma, saboda haka yaro da babba, mace da namiji duk suna zuwa. Washegari kuwa gari ya ɗauka. Uba ya ga abin da ɗansa ya gani, in yaro ya fahimci abu a karkace, akwai mai gyara masa a gida.

Silima daban take. Kuɗi ake biya, cikin katanga ake shiga, kuma yawancin masu ita 'yan kasuwa ne Kwarori. A Kano an buɗe Rex a 1937, Palace kuma a 1952. Tun farko malamai da iyaye ba su sake da ita ba, don wuri ne na dare da ake cuɗanya da mashaya da 'yan iska. A tsakanin waɗannan shekaru ne aka yi babban abin da nake so mu tsaya a kansa. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El-Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Kafin a gama jana'iza, magana ta cika gari cewa wai a fim ɗin da ake nunawa an saka surar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya sa azaba ta sauka. Ba haka ba ne. Amma waɗanda suka yaɗa maganar ba su shiga silimar ba, ba su ga fim ɗin ba, an faɗa musu ne suka faɗa wa wasu. Ku duba nauyin da aka ɗora wa iyayen da ke cikin makoki. A sanina wannan ita ce babbar hirar fim ta farko a ƙasar Hausa, kuma da ji aka yi ta, babu gani.

Daga shekarun 1950 finafinan Indiya suka shigo, suka kuma zauna daram. Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi, Sholay na 1975 ma haka. Abin mamaki, babu fassara, amma matasa sukan fito su ba da labarin tiryan-tiryan kamar sun ji Indiyanci. Dalili shi ne abin da ke ciki ba baƙo ba ne: auren dole, biyayyar iyaye, mai kuɗi ya danne talaka, kunya tsakanin saurayi da budurwa. Har laƙabi 'yan kallo suka raɗa wa 'yan wasan. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. A gari irin namu, wanda ya je Jos ko Kaduna sarin kaya ya leƙa silima, in ya dawo shi ne mai majalisa na kwana uku. Wanda ya iya ba da labari har ya fi wanda ya kalla farin jini.

Namu na gida ma ba a bar su a baya ba. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Talabijin kuma ta kawo mana Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da wasannin Kasimu Yero daga Kaduna, da Karkuzu na Bodara daga Jos. Wanda ya yi wayo a shekarun 1980 zai tuna yadda gida ɗaya mai talabijin ke tara yaran layi guda, ana leƙe ta taga. Hausar barikin da Samanja ke yi ta shiga bakin kowa, Musulmi da Kirista, don a garin reluwe da 'yan sanda da tsofaffin soja kowa ya san mai irin wannan magana. Dariya ɗaya ake yi a gidan Malam da gidan Fasto.

Sai zamanin kaset. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Cikin shekara goma harkar ta bunƙasa, Sangaya ya fito ya girgiza kasuwa da waƙa da rawa irin ta Indiya, Yakubu Lere na jiharmu ya yi Wasila. Babban canjin da kaset ya kawo shi ne shigar fim cikin ɗaki. Matan aure da ba su taɓa taka ƙofar silima ba suka zama su ne manyan 'yan kallo, ana aiken yara shagon haya, kaset ɗaya ya zaga gida biyar kafin a mayar. Hirar fim ta koma gidan suna da gidan biki da wajen kitso.

A daidai wannan lokaci hirar ta hau takarda. Mujallar Tauraruwa ta fito a Kano, a cikinta ne Sunusi Shehu Daneji ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a 1999. A shekarar ce kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna. Shafin wasiƙu shi ne wurin da ɗan kallo daga ƙauye ko birni ke zama ya rubuta wa darakta ra'ayinsa, ya sa sunansa da garinsa a ƙasa. Akwai zafi a cikin wasiƙun, amma mutum ya san za a buga sunansa, kuma kafin ya sayi kan sarki ya kai gidan waya, fushinsa ya ɗan huce.

Mumbari ma ya shiga. Bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar 2000, sannan ta kafa hukumar tace finafinai ta jiha a 2001. Daga 2007 zuwa 2011, lokacin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancinta, an tsaurara ƙwarai, har 'yan fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano, kan kuɗi kimanin naira biliyan 3. Malamai suka yi huɗuba, jama'a suka yi ca a rediyo da intanet, cikin 'yan kwanaki aka janye. Ko mutum na goyon baya ko yana adawa, dole ya yarda cewa bakin jama'a ne ya yi wannan aiki.

Mu da ke jan salla a masallatan unguwa muna da rabonmu a nan. Koken da malamai suka yi kan rawa da shigar banza da raina aure yana da tushe, kuma ya yi tasiri. Finafinai masu dogon zango na yanzu, irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad, sun rage rawa sun ƙara labari, saboda masu shiryawa sun ji abin da iyaye ke faɗa. Sai dai sau da yawa akan hau mumbari a yanke wa fim hukunci alhali ko minti ɗaya ba a kalla ba. Matashin da ke sahu na uku ya kalla, ya san abin da aka faɗa ba ya ciki. Daga ranar ya daina ɗaukar maganar liman da nauyi, har a kan abin da liman ya fi shi sani. Wannan hasara ce babba, kuma mu muke jawo ta.

Akwai kuma lokacin da 'yan kallo suka yi gyara mai ma'ana. A 2021 aka saki fim ɗin Amina a Netflix, kan Sarauniya Amina ta Zazzau, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni. Mutanen Arewa da yawa suka kalla, suka fito da hujja: yawancin maganar da Turanci ake yi, 'yar Hausar da ke ciki ba ta nuna ba, sutura da tsarin fada ba su yi kama da na Zazzau ba. Wannan suka ce ta wanda ya gani, ya kuma san abin da yake magana a kai. Mu da masarautarmu ta Jama'a ke da tsohuwar alaƙa da Zazzau, abin ya shafe mu kai tsaye. Darasin da ke ciki shi ne in ba ka ba da labarinka ba, wani zai ba da shi yadda ya ga dama. Shi ya sa aka yi murna a 2024 da aka zaɓi Mai Martaba, fim ɗin Hausa, ya wakilci Nijeriya a gasar Oscar ta Amurka, a shekarar da aka naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar finafinai ta ƙasa da ke nan kusa da mu a Jos.

Yanzu kallo ya koma tafin hannu. Yaro na kwance a ɗaki da abin ji a kunne, yana kallon fassarar Algaita ko wani abin da ba wanda ya sani. Uban da ya zauna da ɗansa gaban majigi ya san abin da ya gani, uwar da ta aika a karɓo kaset ta san sunan fim ɗin, amma mu yau ba mu sani ba. Hirar ma ta bar zaure ta koma Facebook da TikTok, inda mutum ke ɓoye sunansa ya zagi uwar wani. A yanko minti ɗaya daga fim na awa biyu, a rubuta a kai cewa an zagi addini ko an ci mutuncin wata ƙabila, kafin la'asar dubbai sun tura.

A wani gari wannan na iya ƙarewa a cacar baki. A Kafanchan mun san inda magana ke kaiwa. Rikicin Maris na 1987 daga saɓani kan kalaman wa'azi ya faro a Kwalejin Ilimi, ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, kuma yawancin waɗanda suka ɗauki makami ba su ji kalaman da kunnensu ba. A Afrilun 2011 kasuwarmu ta ƙone, mutane da yawa har yau ba su mayar da jarinsu ba. Magana zarar bunu ce. Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu ɗauki mataki, kuma ban ga inda aka cire labarin fim ko guntun bidiyon waya daga wannan umarni ba.

Duk da haka ban ce a rufe hirar ba, don tana cikin 'yan abubuwan da suka rage muna yi tare da maƙwabtanmu. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirinta na Daɗin Kowa ya nuna gari mai Musulmi da Kirista, da almajiri da ɗan ƙwaya da wanda ya tuba daga ta'addanci. A kasuwa za ka ji mai sayar da doya daga Kagoro da mai sayar da atamfa daga unguwarmu suna musu kan abin da ya dace wata 'yar wasa ta yi wa mijinta. Mutanen da ba za su iya tattauna zaɓe ko filin kiwo cikin natsuwa ba, ga su suna tattauna haƙuri da amana da cin amana ta hanyar labarin da ba na kowa ba. Wannan ƙofa ce, kada mu bari ta rufe.

Saboda haka ga roƙona ga iyaye da 'yan'uwana limamai. Ko sau ɗaya a mako, a kunna abin da yara ke so a tsakar gida, a kalla tare. In an gama a tambaye su: wa ya burge ku, don me? Amsar da yaro zai bayar za ta nuna maka abin da ke zuciyarsa fiye da tambayar kai tsaye. Wanda zai yi suka, ya kalla tukuna, ya faɗi wurin da aka kuskure da wurin da aka kyauta. Wanda aka turo wa guntun bidiyo mai tayar da hankali, ya riƙe yatsansa har ya san daga ina ya fito. 'Yan fim kuma 'ya'yan wasu ne, a soki aikinsu a bar mutuncin iyayensu.

Allah Ya kiyaye harsunanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya. Amin.