Tarihin ƙwayoyin da ke cikin hanjin kaza

 Yau hirarmu a kan kajinmu na gida take, irin waɗanda kuke kaiwa kasuwannin Madawa, Buza da Keita.

Cikin hanjin kowace kaza akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Ba dukansu ke kawo cuta ba. Wasu suna taimaka wa narkewar abinci, suna kuma hana miyagu wurin zama.

A shekarar 1907 wani masani a birnin Pari, mai suna Metchnikoff, ya ce ƙwayoyin da ke cikin nono mai tsami suna amfanin hanjin mutum. A 1973 masana biyu na ƙasar Finlan, Nurmi da Rantala, suka yi gwaji da kaji. Suka ɗebi abin da ke cikin hanjin babbar kaza mai lafiya, suka ba ƴan tsakin da inji ya ƙyanƙyashe. Sai ƙwayar cutar salmonela ta kasa samun gindin zama cikinsu.

Kun gani ke nan. Ɗan tsakon da ke bin uwa tasa yana tsattsagar ƙasa, wurinta yake samun wannan gado.

Amma kafso da ake zuba wa kaji cikin ruwa barkatai yana kashe na kirki tare da miyagu. Tun 2006 Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin wannan magani don su yi ƙiba.

Saboda haka, in kaza ta yi zawo, ku tambayi malamin dabbobi tukuna. Kada kuma ku bar rigakafi.

Sai wani jiƙon.