ILS: Tsarin Da Ke Sauko Da Jirgi Cikin Hazo

ILS tsari ne na siginar rediyo da ke yi wa jirgin sama jagora zuwa titin sauka idan hazo ya rufe gari, kamar yadda ake gani a Kano da Kaduna lokacin hunturu. Sigina biyu ne: ɗaya yana daidaita jirgin da tsakiyar titi, ɗayan kuma yana shata masa gangara mai kusan digiri 3.

Matuƙa kan koyi aiki da shi tun suna ƙasa. Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana da na'urar kwaikwayon tuƙin Boeing 737. A cikinta mai koyo zai saita mitar tashar, ya danna maɓallin APP, sai na'ura mai tuƙi da kanta ta kama sigina na farko, sannan na biyu, ta riƙa sauko da jirgin.

A rukunin ILS na ɗaya, hukunci na komawa hannun matuƙi a tsayin ƙafa 200. Idan ya hango fitilun titi, ya sauka. In bai gansu ba, wajibi ne ya ƙara wuta ya koma sama. Malami na iya ƙara kaurin hazon da gangan, domin ya ga ko ɗalibin zai yi gangancin sauka.