Ranar da Gana ta ce a kawo takarda

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su san biza ba. Abin da ake tambayar baƙo a zango shi ne: wane ne maigidanka? In maigida ya tsaya maka, shi ke nan, ka shiga gari.

Ran 18 ga Nuwamba 1969 lissafi ya canza. Gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu: ko ya samo, ko ya bar Gana. To, wanda aka haifa a zangon Kumasi fa? Shi bai ma taɓa ɗaukar kansa baƙo ba, balle ya nemi takarda. Aka yi ta sayar da shaguna a wulaƙance, Hausawa da Yarabawa suka ɗuru a manyan motoci, aka nufo gabas.

A 1979 ECOWAS ta amince ɗan yankin ya shiga kowace ƙasarta ba biza, amma na kwana 90 kacal. Wannan "kacal" ɗin ne ya ritsa da mutanen Gana a Janairun 1983, da gwamnatin Shagari ta yi tata korar. Jakar da suka kwashe kaya a ciki, har yau Gana-mas-go muke ce mata.