Ƙarfen da ya ƙi ɗaguwa: tarihin turin ƙarfe a kan benci da lafiyar samarin yammacin Zamfara

Daga Anka zuwa Gummi da Bukkuyum, ba abin mamaki ba ne a yau a tarar da samari sun kewaye wani benci a bayan gida ko a gindin bishiya, an zura bututun ƙarfe cikin gwangwanaye biyu da aka cika da siminti, ɗaya ya kwanta rigingine yana tura nauyin sama daga ƙirjinsa, sauran suna ƙirga masa. A watannin farko nauyin yakan yi ta ƙaruwa, yaro yana murna. Daga nan sai abin ya tsaya cik: mako shida, mako takwas, ƙarfen da ya ɗaga jiya shi ne na yau. A wannan gaɓa ce wasu ke ƙara nauyi da ƙarfin tsiya har su ji ciwo, wasu kuma su nufi mai sayar da ƙwayoyi. Tarihin wannan wasa, da tarihin yankin kansa, suna da amsar da ta fi waɗannan biyu.

Ƙarfi a ƙasar Hausa kafin zuwan benci

Gwada ƙarfi daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Kokawa da dambe sun riga kowane gidan motsa jiki, kuma makaɗa irin su marigayi Ɗan Anace sun ɗaukaka sunayen 'yan dambe kamar Shago har suka zama abin misali. A Jamhuriyar Nijar kokawa ta kai matsayin wasan ƙasa, inda aka fara gasar neman takobi a garin Tawa a shekarar 1975.

Abin lura shi ne lokacin da magabata suka keɓe wa waɗannan wasanni. Da kaka ake yin su, bayan an kai amfanin gona gida, rumbu ya cika, jiki ya huta daga wahalar damina. Sun san cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haka kuma yaro yakan fara ne da tsaransa a dandali, yana kallon manya, kafin wata rana ya isa shiga fili. Ƙoshi, hutu da bin mataki-mataki su ne ginshiƙan tsohon tsarin, kuma su ne abin da likitoci suka dawo suka tabbatar daga baya.

Yadda benci ya shigo

A ƙarshen ƙarni na 19 masu nuna ƙarfi a Turai a ƙasa suke kwanciya su tura ƙarfe sama. Shahararren ɗan kokawa George Hackenschmidt ya ɗaga kilo 164 ta wannan hanya. Sai a tsakiyar ƙarni na 20 benci mai maƙalar ƙarfe ya yaɗu. A shekarar 1953 wani ɗan Kanada, Doug Hepburn, ya zama mutum na farko da ya tura kimanin kilo 227 a kan benci. Sai da aka shekara 14 kafin Pat Casey na Amurka ya haye kilo 272 a 1967. Ƙarin kilo 45 ya ci wa ƙarfafan duniya shekara goma sha huɗu. Saurayin da ransa ya ɓaci don ya yi wata biyu bai ƙara kilo biyar ba, ya dace ya riƙe wannan lissafi.

Babban darasin tarihin ya fito ne daga asibiti. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani likitan sojan Amurka mai suna Thomas DeLorme yana kula da sojojin da suka ji rauni a wani asibitin soja a birnin Shikago. Shi kansa ya yi fama da doguwar jinya yana yaro, ya kuma farfaɗo da jikinsa ta hanyar ɗaga ƙarfe. Sai ya gwada sa majinyata su ɗaga nauyin da za su iya maimaitawa sau goma, ana ƙara musu kaɗan-kaɗan duk lokacin da suka ƙware. Ya wallafa sakamakon a 1945. A 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka daidaita tsarin zuwa zagaye uku, kowanne sau goma: na farko da rabin nauyin, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da cikakkensa. An yi amfani da tsarin har ga masu shan-inna. Ke nan ƙa'idar da kowane mai ɗaga ƙarfe ke bi a yau an gina ta ne don raunana, a gadon asibiti.

Daga can wasan ya shiga gasar nakasassu ta duniya a Tokyo a 1964, kuma a wannan fage Najeriya ta yi fice. Monday Emoghavwe ya ci zinare a Basalona a 1992. A Landan a 2012 Yakubu Adesokan, mai fafatawa a rukunin kilo 48, ya tura kilo 180, kusan ninki huɗu na nauyin jikinsa. Da yawa daga cikin zakarun Najeriya a wannan wasa mutane ne da shan-inna ta taɓa tun ƙuruciya. Abin da ya kai su nan shi ne shekaru na horo a ƙarƙashin mai koyarwa.

Shin ƙarfe yana hana yaro tsawo?

Iyaye da yawa suna wannan fargaba, kuma likitocin da ma sun yi ta. Dalilinsu shi ne a bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi wanda daga shi ƙashi ke ƙara tsawo, kuma yana iya samun rauni. Bincike na shekaru da yawa ya sauya matsayin. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2008, ta kuma sabunta a 2020, cewa horon ƙarfi bisa kulawa da nauyin da ya dace ba ya hana girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shawarci 'yan shekara 5 zuwa 17 da su riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Haɗarin yana cikin gasar wa-ya-fi-wa, inda yaro ke jarraba mafi nauyin abin da zai iya ɗagawa sau ɗaya ba tare da babba a kusa ba.

Tsayawar nauyi kuwa tana da dalilai na halitta. Ci gaban watannin farko yawancinsa koyo ne: ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna koyon yadda za su sa tsoka aiki tare. Idan wannan ya ƙare, sai a jira tsokar kanta ta girma, ita kuwa a hankali take yi. Ban da haka, saurayin da ke cikin ganiyar tsawo hannuwansa sun ƙaru, tafiyar da ƙarfen zai yi daga ƙirji zuwa sama ta ƙara nisa, alhali tsokar ba ta riga ta cike gurbin ba.

Abin da ya keɓanta da Anka da Bukkuyum

Akwai wani tarihi da bai kamata iyayen wannan yanki su manta da shi ba idan ana maganar ƙarfin 'ya'yansu. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, MSF, suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyuka. Bincike ya gano gubar dalma ce. Duwatsun zinare da ake kawowa gida a daka, a niƙa, suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarta ta bi tsakar gida da abinci da hannuwan yara. A ƙauyukan Dareta na ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma na Bukkuyum, masu bincike sun tarar cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. An ƙiyasta cewa aƙalla yara 400 ne suka rasu a faɗin yankin. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka irin su Abare, Sunke, Tungar Daji da Tungar Guru, sannan aka yi wa Bagega nata aikin a 2013 bayan dogon jira. Dubban yara sun sha maganin da ke fitar da dalma daga jini.

Jariran wancan lokaci su ne samarin yau. Dalma takan maƙale a ƙashi shekaru masu yawa, kuma wanda ke aikin daka ko niƙan dutsen zinare yana ƙara shaƙarta kullum. Tana hana jiki ƙera jini yadda ya kamata, tana kawo kasala, ciwon ciki da taurin bayan gida, tana taɓa ƙoda, tana kuma raunana jijiyoyin da ke ɗaga wuyan hannu har hannun ya riƙa langaɓewa. Mafi yawan samarin da ƙarfe ya tsaya musu ba dalma ce sanadi ba. Amma wanda ya tashi a waɗancan ƙauyuka, ko yake aikin ma'adinai, kuma ƙarfinsa ke ja da baya, ya cancanci a auna jininsa. Maganin fitar da dalma likita kaɗai ke bayar da shi bayan awo. Haka kuma kada a cika gwangwanin ɗagawa da dutse ko yashin wurin niƙan zinare, kada a narka tsohon batirin mota don yin nauyi, kada kuma a kafa benci kusa da injin niƙan dutse.

A garuruwan bakin Gulbin Zamfara irin su Gummi, akwai wasu ɓarayin jini: zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, tsutsar ciki, da tsargiya wadda alamarta jini a ƙarshen fitsari. Duka suna da magani mai sauƙi a asibiti. Mai amosanin jini kuwa, wato sikila, sai ya nemi shawarar likitansa kafin ya fara, ya guji nauyi mai tsanani da ƙishirwa.

Abin da saurayi zai yi

Idan lafiyarka ƙalau, koma ga tsarin DeLorme. Rage kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin da ya gagare ka, ka zaɓi wanda za ka iya turawa sau takwas zuwa goma sha biyu ba tare da karkacewa ba, zagaye uku, kwana biyu ko uku a mako, da hutun kwana guda aƙalla a tsakani. Ranar da ka cika dukkan zagayen da kyau, ƙara kilo ɗaya ko biyu kawai. Ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga a littafi, domin ido yana mantuwa.

Gyara kwanciyarka: tafin ƙafa a ƙasa, allon kafaɗu a matse su danne benci, gwiwar hannu kada ta buɗe ta yi daidai da kafaɗa, ƙarfe ya sauko a hankali ya taɓa ƙasan ƙirji ba tare da ka buga shi ya yi tsalle ba. Babban yatsa ya zagaye ƙarfen, domin ƙarfen da ya suɓuce a kan wuya ko ƙirji yana kisa. Kada ka taɓa kwanciya ƙarƙashin nauyi ba tare da wani mai ƙarfi tsaye a kanka ba. Ka kuma ba bayanka da bayan damtsenka haƙƙinsu, ta hanyar jan jiki sama a reshe ko sanda da turin ƙasa da hannu, domin su ne ke tallafa wa ƙirji.

Ku kuma iyaye, rabonku a nan shi ne tukunya da shimfiɗa. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, kifi, nono da zogale suna gina tsoka da jini, kuma cikin da ke da abinci, musamman mai sinadarin ƙarfe da na ƙashi, ba ya tsotse dalma kamar wanda yake fayau. Matashi yana bukatar barcin awa takwas zuwa goma. Wanda ya wuni a gona ko wurin haƙa ya riga ya yi aikin ƙarfi, don haka ranar ba ta benci ba ce. A lokacin zafi a yi horo da sassafe ko da yamma, da azumi kuma bayan buɗa-baki.

Ku sa ido a kan ƙwayoyi. Tiramadol yana ɓoye ciwo ne har rauni ya yi nisa, yana kuma jawo farfaɗiya da kamu. Magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sukan kumbura fuska da ciki, wasunsu ma tsokar suke cinyewa. Allurai da ƙwayoyin ƙara ƙwanji kuwa suna iya rufe guringuntsin girma tun lokaci bai yi ba, su taɓa hanta da zuciya. Abin da ake tsoron ƙarfe zai yi wa tsawon yaro, su ne ke yin sa.

A dakatar da horo a nufi asibiti idan aka ga ciwon ƙirji, suma ko jiri, haki da bai dace da aikin ba, farin ido da tafin hannu, ramewa, jini a fitsari, ciwon ciki mai naci, langaɓewar wuyan hannu, ko ciwon kafaɗa da ya wuce mako biyu. A fara da babban asibitin da ya fi kusa; idan da bukata za a tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A gaya wa likita ƙauyen da yaron ya tashi da irin aikin da yake yi, domin wannan bayani ne zai nuna masa awon da ya kamata.

Yankin da ya binne ɗaruruwan yara a 2010 ya san darajar waɗanda suka rayu. Idan ɗayansu ya zo yana kukan ƙarfe ya ƙi ɗaguwa, a saurare shi, a duba cinsa da barcinsa da jininsa kafin a ƙara masa ko da kilo ɗaya. Allah Ya raya mana su, Ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.