WAYE MAI KIƊAN? RIGIMAR HAƘƘIN MALLAKA A FARKON JAZ

Duk lokacin da gardama ta tashi a dandalin nan kan wane ya saci karin waƙar wane, sai ka ga ana maganar kamar yau aka fara. Jama'a, rigimar nan ta haura shekara ɗari a Amurka, kuma yadda ta kaya a can ya isa a tsaya a duba.

Ragtaim kiɗan fiyano ne da ya yi tashe daga wajen 1897, musamman a jihar Misuri. Jaz kuma ya taso ne a birnin Niyu Olins, a hannun 'yan badujala masu busa ƙaho da ke raka gawa da kiɗa, suna kuma kwana a gidajen rawa. Dukansu tushensu na wurin baƙaƙen fata ne. Da yawa daga cikin makaɗan nan da kunne suka koyi sana'ar, ba sa karanta rubutun kiɗa balle su rubuta. Ita kuwa dokar haƙƙin mallaka ta 1909 takarda ta sani: wanda ya rubuta kiɗa ya yi masa rajista a Washintan, shi ne mai shi. Sautin da aka ɗauka a faifai bai samu kariyar dokar tarayya ba sai a 1972. Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan ƙa'idar sarai, abin da bai shiga fayil ba kamar bai faru ba ne.

A ranar 26 ga Fabrairu 1917, wasu fararen fata biyar, 'yan ƙungiyar Original Dixieland Jass Band, suka ɗauki faifan da ake lissafawa a matsayin na farko a tarihin jaz, a kamfanin Victor da ke Niyu Yok. Faifan ya yi kasuwa sosai, kuma gefensa biyu duk sai da suka jawo rigima.

Gefe ɗaya shi ne Livery Stable Blues. Shugaban ƙungiyar, Nick LaRocca, ya ce nasa ne. Ashe wani tsohon ɗan ƙungiyar, Alcide Nunez, shi da Ray Lopez, sun kai kiɗan wurin wani mai buga takardun kiɗa a Shikago da sunansu. Aka tafi kotu. A watan Oktoba na 1917 alƙali George Carpenter ya yanke cewa babu wanda ya ƙirƙiro shi a cikinsu, tsohon kari ne da ya daɗe yana yawo a bakin jama'a. Kowa ya koma gida hannu rabbana.

Ɗaya gefen, Dixie Jass Band One-Step, an gano cewa wani sashe nasa an ɗauko shi ne daga That Teasin' Rag, wanda wani baƙar fata mai suna Joe Jordan ya buga tun 1909. Dole kamfanin ya sake tambarin faifan ya saka sunan kiɗan Jordan. Kun ga bambancin? Shi Jordan yana da takarda mai kwanan wata. Waɗanda suka fara busa karin Livery Stable Blues a titunan Niyu Olins ba su da ita, ko sunansu ba a kira a kotu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai Tiger Rag, wanda ya fi su duka shahara. Ita wannan ƙungiya dai ta fara ɗaukar sa a 1917, kuma ita ta yi masa rajista. Amma tsofaffin makaɗan Niyu Olins sun ce sun san shi tun kafin nan da wasu sunaye. Wasu na kiran sa Jack Carey, sunan wani baƙar fata mai busa doguwar ƙaho, wasu kuma Lamba Biyu kawai suke ce masa. A 1938, da Alan Lomax ya zaunar da Jelly Roll Morton a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka yana naɗar tarihinsa, Morton ya ce shi ne ya sarrafa kiɗan daga wani tsohon kiɗan rawa na Faransawa, har ya buga a fiyano yana nuna yadda ya juya shi sashe-sashe.

To a nan ne ya kamata mu yi hattara. Morton gwani ne na gaske, kuma an cuce shi. Kamfanin Melrose na Shikago ya ci moriyar kiɗe-kiɗensa, shi kuma ya mutu cikin talauci a 1941. Amma fa mutum ne mai cika baki. A wannan shekarar ta 1938 ya rubuta wasiƙa yana cewa shi ya ƙirƙiro jaz a 1902, alhali takardar baftismarsa ta nuna 1890 aka haife shi. Yaro ɗan shekara 12 kenan! Saboda haka don an zalunci mutum, hakan bai mayar da duk maganarsa hujja ba. In ka goge sunan LaRocca ka rubuta na Morton shi kaɗai, ka sake binne Jack Carey da sauran da suka yi ta ƙara wa kiɗan gishiri dare bayan dare.

Kuma kada a ɗauka rigimar tsakanin fari da baƙi ce kawai. Muskrat Ramble na 1926 sunan Kid Ory ke kansa. Daga baya Louis Armstrong ya ce shi ya tsara shi, Sidney Bechet kuma ya ce tsohon kari ne tun zamanin Buddy Bolden. Dukansu baƙaƙe ne 'yan gari ɗaya. Shi Bolden ɗin, da ake kira sarkin masu busa na farko, an kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907, ya rasu a can a 1931, kuma babu faifansa ko ɗaya a hannun kowa yau. Ta ina zai kare kansa?

Shi ya sa masu binciken tarihin nan ba sa tsayawa a kan shaida ɗaya. Suna duba ranar rajista, da tsofaffin takardun kiɗa, da faifan garmaho, da tallace-tallacen jaridu, sannan su auna su da hirarrakin da aka fara naɗa da tsofaffin makaɗa a Jami'ar Tulane tun 1958. Abin da ke fitowa sau da yawa shi ne, kiɗa ɗaya na da iyaye uku: wanda ya fara karin, wanda ya tsara shi, da wanda ya riga kowa zuwa ofishin rajista. Doka ta ukun kaɗai ta sani, shi ke karɓar kuɗi.

Amma akwai wanda ya nuna cewa ana iya yin adalci ko a wancan zamani. Scott Joplin ya iya rubutun kiɗa, ya kuma san darajar yarjejeniya. A 1899 ya sa hannu da John Stark kan Maple Leaf Rag, ana ba shi santi ɗaya a kan kowane kwafi da aka sayar. Daga baya ya ziyarci Louis Chauvin a Shikago, wani haziƙin makaɗin fiyano da ba ya rubuta abin da yake bugawa, ga shi kuma rashin lafiya ta ci ƙarfinsa. Joplin ya rubuta sassa biyu na kiɗan Chauvin, ya ƙara biyu nasa, aka buga shi a 1907 da suna Heliotrope Bouquet, sunayensu biyu a bango. Shekara ɗaya bayan nan Chauvin ya rasu yana ɗan shekara 27. Da Joplin ya saka sunansa shi kaɗai, wa zai tuhume shi? Albarkacin wannan amanar ne har yau ake jin kiɗan Chauvin ana kuma kiran sunansa.

Don haka 'yan'uwa masu sana'ar waƙa da kiɗa, abin da kuka ƙirƙira ku adana shi da shaida da kwanan wata. Abin da kuka aro kuma, ko a wurin tsohon makaɗin ƙauye ne da ba zai taɓa sani ba, ku faɗi sunansa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.