Malam Aminu Kano: Daga Aikin Malanta zuwa Gwagwarmayar Talakawa

Malam Aminu Kano (1920–1983) malamin makaranta ne kuma ɗan siyasa, wanda ya jagoranci jam'iyyun NEPU da PRP, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasar Nijeriya a 1979. An fi tunawa da shi wajen wayar da kan talakawa su san haƙƙinsu.

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai da alƙalai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Bayan karatun allo ya shiga makarantar Shahuci, sai Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna. A 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A zauren muhawarar da suke halarta, matasa 'yan boko kan yi wa jami'an En'e da Turawan mulki tambayoyi ido da ido kan haraji da aikin tilas, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Nan Aminu ya fara gogewa.

A 1946 ya sami gurbin karatun aikin malanta a Jami'ar Landan. Da ya komo gida, yana kan gaba wajen kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, daga baya aka mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati da albashinsa, ya koma Kano ya shiga Jam'iyyar Neman Sawaba, wato NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta na wannan shekara. Ya zama shugabanta a 1953.

Ƙarfin NEPU a ƙasa yake: teloli, mahauta, 'yan koli, manoma da malaman zaure. Aminu ya riƙe siyasa kamar yadda ya riƙe aji. Yakan bi ƙauyuka da kasuwanni yana yin lacca da Hausa mai sauƙi, yana kafa hujja da Alƙur'ani da koyarwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, don ya nuna cewa ƙin zalunci ba saɓa wa addini ba ne. Ya koya wa manomi ya nemi rasiti idan ya biya haraji, ya ƙi noma gandun hakimi kyauta, ya ɗaukaka ƙara idan alƙali ya danne shi. Ya kuma dage kan ilimin mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a, fagen da Hajiya Gambo Sawaba ta yi fice.

Wannan tafarki ya zo da wahala. An ɗaure 'yan NEPU da dama, an yi wa wasu bulala, wasu suka bar garuruwansu. Tsarin zaɓe mai hawa-hawa na 1951 ya hana jam'iyyar kujeru duk da nasarar da ta samu a matakin farko a Kano. Shi kansa Aminu ya sha kaye a hannun Maitama Sule a 1954, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya. A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya, sannan na lafiya.

A 1978 ya kafa PRP. Bai ci zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ba, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnonin jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna. Gwamnatocin nan suka soke haraji da jangali, buƙatar da 'yan NEPU suka sha ɗauri a kanta. Daga baya jam'iyyar ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo.

Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai tara dukiya ba. Filin jirgin sama da asibitin koyarwa na Kano suna ɗauke da sunansa, gidansa na Gwammaja kuwa ya zama Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Babban gadonsa shi ne talakan Arewa da ya san yana da ikon tambayar mai mulki, ya kuma san ƙuri'arsa tana iya sauke shi.